Dalilin da ya sa kwafin faifan wasa yake ƙin tashi

Duk wanda ya taɓa riƙe gidan wasan bidiyo a Tawa, ko ya saba zama a rumfar masu gyaran rediyo da talabijin a shekarun da PlayStation 2 take tashe, ya san gardamar da ake yi idan an kwafi faifai ya ƙi tashi. Mai gidan wasa zai ɗora laifin a kan manhajar da aka yi aikin da ita, wanda ya buga faifan zai rantse cewa kwamfutarsa ta nuna masa aiki ya kammala babu kuskure ko ɗaya, wani kuma daga gefe ya ce ai faifan arha aka saya. Kowannensu yana da ƴar gaskiyarsa, amma ba a nan gizo yake saƙar ba. Kwafi yana iya zuwa daidai da na asali harafi da harafi, na'ura kuma ta ƙi karɓarsa, domin abin da take nema tun farko ba ya cikin bayanan da ake kwafa.

Kamfanin Sony ya fitar da PlayStation ta farko a Japan ranar 3 ga Disamba 1994, ta isa Amurka da Turai a watan Satumba na 1995. Faya-fayanta baƙaƙe ne ta ƙasa, kuma mutane da yawa sun ɗauka wannan baƙin shi ne kariyar. Ba haka ba ne, domin hasken idon na'ura yana ratsa robar ba tare da wata wahala ba, kowace kwamfuta kuma tana karanta faifan. Dabarar tana can kusa da ramin tsakiya, a farkon layin da ido yake bi. A wurin an sa layin ya riƙa ɗan karkacewa hagu da dama, karkacewar da idon mutum ba ya gani, kuma ita ce take ɗauke da haruffa huɗu: SCEI ga Japan, SCEA ga Amurka, SCEE ga Turai. Idan aka rufe murfi, na'urar tana fara neman waɗannan haruffa, in ba ta same su ba sai ta ƙi buɗe wasan.

Abu biyu ne suka sa wannan dabara ta yi ƙarko. Na farko, mai karanta faifai na kwamfuta yana ɗaukar karkacewar a matsayin ɗan lahani ne kawai, sai ya gyara tafiyar idonsa ya wuce, bai taɓa miƙa wa manhaja labarinta ba. Na biyu, faifan da ba a rubuta komai a kansa ba yana fitowa daga masana'anta da layinsa a shate, da tasa karkacewar mai bugawa sau 22,050 a daƙiƙa, wadda na'urar rubutu take dogara da ita wajen daidaita gudunta. Na'urar rubutu tana bin wannan layi ne tana ɗiga bayanai a kansa, ba ta da ikon sake masa siffa. Abin ya yi kama da hoton ɓoye da ke cikin takardar kuɗi: injin fotokofi zai fitar da kowane rubutu da kowane launi, amma hoton da ke cikin jikin takardar ba zai fito ba, ko da wane irin inji aka yi aikin.

To mene ne amfanin manhajojin da aka yi ta yayi, irin su Nero da CDRWIN da CloneCD da Alcohol 120%? Amfaninsu na gaske ne, sai dai yana da iyaka. Kowane yanki na faifan CD yana ɗauke da bayit 2352, amma idan kwamfuta tana karanta fayil kamar yadda aka saba, bayit 2048 kawai take miƙowa, sauran na gyaran kuskure ne da lambar wuri. Bayan wannan akwai wasu bayit 96 da suke tafiya a gefen kowane yanki, waɗanda yawancin manhajoji ba su kula da su ba. Nero, wadda wani kamfanin Jamus mai suna Ahead ya fitar a 1997, ta yi suna ne saboda sauƙin aiki da ita. Amma daga 1998 Sony ta ƙara kulle na biyu mai suna LibCrypt a wasanni da yawa na Turai, inda aka ɓata wasu daga cikin bayanan gefen da gangan domin su zama mabuɗi mai bit 16. Manhajar da ta ga ɓacin ta gyara shi, ko ta tsallake shi, ta rusa mabuɗin ke nan, sai wasa ya fara lafiya lau ya je ya maƙale a tsakiya. A nan CloneCD ta yi fice, domin tana kwashe faifai ɗanye yadda yake, da kurakuransa duka, ta ajiye bayanan gefen a wani fayil dabam. Duk da haka kulle na biyu kaɗai ta buɗe. Na farko, wato karkacewar layi, babu manhajar da ta taɓa shi.

Wanda ya buɗe na farkon mai dalma ne. Tun da ba a iya rubuta haruffan nan huɗu a kan faifai, sai aka koma cikin na'urar aka liƙa mata wata ƴar ƙaramar aba, wadda masu gyara a nan suke kira pus, aikinta kawai ta riƙa faɗa wa na'urar haruffan da take son ji ko da wane faifai aka saka. Na farko-farko wayoyi huɗu kacal suke buƙata. Waɗanda ba su da pus kuma suna da tasu dabarar: a danne maɓallin da ke gaya wa na'ura an rufe murfi, a saka faifan asali ta karanta haruffan, sannan a fizge shi yana cikin juyawa a ɗora kwafin. Masu yin wasanni ba su naɗe hannu ba. Wasu wasannin sun riƙa tambayar haruffan a daidai lokacin da ido yake wurin da babu su, in suka ji amsa sai su gane akwai pus, su tsaya cik. Wannan ya haifar da pus mai yin shiru bayan an tashi. Kamfanin Insomniac ya fi kowa wayo a wasansa na Spyro na uku da ya fito a 2000: idan wasan ya gane an taɓa shi ba ya tsayawa, sai ya bar mutum ya ci gaba yana rage masa abubuwan da ya tara, ta yadda ba zai taɓa kai ƙarshe ba. Masu fasa kulle sun yi fiye da wata biyu kafin su gama da shi, kuma wata biyun farko su ne lokacin da wasa ya fi samun ciniki, don haka kamfanin ya ci riba.

Inda nake ganin Sony ta yi wa irinmu rashin adalci shi ne yadda ta haɗa abu biyu a kulle guda. Haruffan da suke tabbatar da cewa faifai na asali ne, su ne kuma suke faɗin yankin da aka yi shi dominsa. Mu kuwa ba mu cikin lissafin kowane yanki. Na'urorinmu na hannu ne, sun biyo ta Kwatano ko Lome, ko sun tsallako daga Kano da Sakkwato ta Birnin Konni, wata daga Faransa, wata daga Amurka, wata da rubutun Japan a jikinta. Mutum zai iya samun faifan asali daga ɗan'uwansa da ke Turai, ya saka a na'urar Amurka ta ƙi shi tamkar na sata. Ke nan ko mai son bin ƙa'ida sai ya kai na'urarsa wurin mai dalma, kuma da zarar an saka pus, ƙofar kwafi ta buɗu ita ma. Kotunan ƙasashen da suke da kasuwar ma ba su yi magana da baki ɗaya ba. A 2004 wata kotun Ingila ta ce sayar da pus ya saɓa doka, a 2005 kuma babbar kotun Ostareliya ta ba wani mai saka pus a Sidni, Eddy Stevens, gaskiya a kan Sony.

Sauran kamfanoni kowa ya bi hanyarsa. Sega ta yi wa Dreamcast faifai na musamman mai ɗaukar kusan gigabayit ɗaya wanda kwamfuta ba ta iya karanta mafi yawansa, amma ta bar wata kafa domin wasu faya-fayan kiɗa masu ƙarin hotuna, kuma ta wannan kafa aka shiga a 2000, har kwafi ya riƙa tashi babu pus babu dalma. A 2001 Sega ta daina ƙera na'urar. Nintendo ta yi wa GameCube ƙaramin faifai mai faɗin santimita 8 da wasu alamomi da ake ƙonawa a masana'anta. Waɗannan biyun ba su yi wani tasiri a garinmu ba.

PlayStation 2 ita ce tamu. Ta fito a Maris na 2000, an sayar da fiye da miliyan 155 a duniya, kuma har yanzu akwai rumfunan da yara suke biyan dala goma ko ashirin na kuɗin sefa su buga wasan ƙwallo a kanta. Saka mata pus aiki ne na mai haƙuri, domin wayoyin sun kusa ashirin, siraran gaske, wasu kuma a kan ƙafafun da ba su kai kaurin allura ba ake liƙa su. Na sha ganin wani mai gyara a gefen kasuwa yana yin wannan aiki da gilashin ƙara girma ɗaure a goshinsa, ya juya fanka gefe don kada iska ta sanyaya bakin ƙarfen dalmar, yaronsa kuma yana riƙe masa tocila. Idan mai na'ura ya matsa masa, abin da yake cewa shi ne: "Alhaji, ka yi haƙuri, in hannuna ya goce nan, ba ni da wata da zan biya ka." Akwai kuma abin da ya sa kwafi ya fi na asali daraja a wurin yara: a kwafi ne ake samun wasan ƙwallon da aka gyara wa sunayen ƴan wasa da rigunan kulob na sabuwar kaka, shekaru bayan kamfanin ya daina fitar da sabo.

Kuɗin da aka tsira da shi wajen faifai, wajen ido ake biyansa. Faifan da aka buga a gida ba ya mayar da haske kamar na masana'anta, don haka ido yana shan wahala kafin ya karanta shi, balle idan an buga shi da gudu mai yawa a kan faifan arha. A ƙara da ƙurar hunturu da take shiga ko'ina, da zafin Afrilu da Mayu da yake haura digiri 40, da na'urar da take kunne daga hantsi har tsakar dare. Da farko za a ji tana ƙaraf-ƙaraf tana neman layi, sai a goge ido da auduga. Daga nan mai gyara ya murɗa ɗan sukurun da ke ƙara wa hasken ƙarfi, wanda yake ba da sauƙi na ɗan lokaci amma yana gaggauta mutuwar idon. A zamanin PlayStation ta farko har kifa ta ake yi ta kwanta a kan murfinta domin ta karanta. Abin da ya kawo ƙarshen wannan wahala ba ingantacciyar manhajar kwafi ba ce. A 2008 aka fitar da wata manhaja mai suna Free McBoot, wadda ake sakawa a katin ajiya na na'urar, daga baya kuma wata mai suna Open PS2 Loader ta ba da damar tada wasa daga filashin USB ko babban ma'aji, aka huta da faifai gaba ɗaya. Ita ma tana da nata cikas, domin ramin USB na PlayStation 2 tsohon samfuri ne mai nawa, shi ya sa bidiyon farkon wasa yake tsinkewa, kuma a da duk wasan da ya wuce gigabayit 4 sai an yanka shi gida-gida kafin ya shiga.

A Xbox 360 ta kamfanin Microsoft ne manhajar bugawa ta sake samun muhimmanci. A 2006 aka gano yadda za a sauya umarnin da ke cikin mai karanta faifan na'urar domin ya riƙa ba da shaidar ƙarya, amma kwafin sai an yi shi a kan faifan DVD mai hawa biyu na gigabayit 8.5, an kuma gaya wa manhajar ImgBurn daidai wurin da za ta tsallaka daga hawa na farko zuwa na biyu. Microsoft ta mayar da martani da korar na'urorin da ta kama daga dandalinta na intanet, musamman a Nuwamba 2009, horon da bai girgiza kowa a nan ba tun da namu ba su taɓa hawa intanet ba. PlayStation 3 kuwa ta yi kusan shekara huɗu a kulle, sannan a Disamba 2010 wasu masana suka nuna a wani taro a Balin cewa Sony tana maimaita lamba ɗaya a inda ya kamata ta riƙa sauya ta wajen sa hannu a kan manhajojinta, kuskuren da ya tona mabuɗin kamfanin.

Ba na cikin masu cewa kwafi ba ya cutar da kowa. Mun ga abin da ya yi wa mawaƙanmu da masu shirya fina-finan Hausa, waɗanda sukan tarar da aikinsu a kan tire a tasha kafin su mayar da kuɗin da suka kashe. Nijar tana cikin ƙungiyar kare haƙƙin fasaha ta wasu ƙasashen Afirka, OAPI, mai hedikwata a Yawunde, tana da hukumar kare haƙƙin masu fasaha ta BNDA, kuma manhajar kwamfuta tana cikin abin da doka ta kare. Sai dai akwai bambanci tsakanin wanda ya buga ɗaruruwa ya baza a kasuwa da wanda ya sayi faifai da tsada yana son ya ajiye na asalin a akwati ya ba yara kwafi su kankare. Kullen bai san wannan bambanci ba, kuma na biyun ya fi takurawa, domin ɗan kasuwar ya riga ya san hanyar mai dalma.

Yanzu kullen ya bar faifai ya koma intanet. A 2020 Sony ta fitar da PlayStation 5 iri biyu, ɗaya babu wurin saka faifai sam, Xbox Series S ma haka take. Ko wasan da ya zo a faifai sau da yawa yana neman a sauke masa gyara na gigabayit masu yawa, abin da mai sayen data da kuɗin yini ba zai iya ba. Masu gidajen wasa da suka koma PlayStation 4 suna sayenta ne da wasanni a ciki, su hana ta ganin intanet, domin sabuntawa guda tana iya rufe kafar da aka bi aka buɗe ta. A Disamba 2021 aka samu hanyar buɗe wadda take kan tsari mai lamba 9.00 ta amfani da filashin USB, kuma tun daga lokacin mai saye yakan sa a kunna masa na'ura ya duba lambar tsarinta kafin ya tambayi kuɗinta.