Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Makullin Motar Baba

A makon jiya na tsaya a inda likita ya tabbatar mana cewa mantuwar Baba ba ta tsufa ba ce kawai, cutar Alzheimer ce, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ita ke haddasa kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na larurar gushewar tunani. Daga nan sai maganar mota ta taso.

Likitan bai ce a karɓe makulli nan take ba, domin a farkon cutar wasu sukan ci gaba da tuƙi na ɗan lokaci, muddin ana duba su a kai a kai. Sai dai ya bayyana mana cewa hannu da ƙafa sukan daɗe riƙe da abin da suka saba, alhali ƙwaƙwalwar da ke auna tazara, ta lissafa gudun motar da ke tahowa, ta yanke hukunci cikin ƙiftawar ido, tuni ta fara rauni. Haka kuwa muka gani. Baba yana sauya giya tsaf kamar da, amma idan ya shiga shataletale sai ya tsaya cak, ana ta danna masa oda, yana waige-waigen hanyar da ya shekara yana bi. Jikin motar ya cika da kwarzane, kuma bai san inda aka yi su ba. Da yamma abin ya fi tsanani, kasancewar ruɗewar masu wannan cuta takan ƙaru idan rana ta kusa faɗuwa.

Yayana ya so a ƙyale shi har ya haƙura da kansa. Ban goyi bayan haka ba, saboda cutar takan hana mai ita ganin raunin da ke tare da shi, don haka ranar da ake jira ba lallai ta zo kafin a yi asarar rai ba. Da Baba ya taka totur a maimakon birki a bakin ƙofa, na tambayi Yaya ko zai yarda 'yarsa ta shiga motar nan Baba na ja. Shiru ya yi.

Da muka same shi na ce, "Baba, ku yi haƙuri, likita ya ce ku huta da tuƙi, mu za mu riƙa kai ku duk inda kuke so." Ya ce, "Tun ba a haife ku ba nake riƙe da sitiyari." Ya miƙo makullin ransa a ɓace, washegari kuma ya manta, ya tashi yana nemansa. Dole muka kawar da motar daga gidan, muka raba ranakun fita da shi a tsakaninmu. Yadda wannan rabo ya kaya shi ne zan kawo mako mai zuwa, in Allah ya yarda.