Yuro biyu a cikin hulata

Wata takwas ke nan ina Bayon, a kudancin Faransa, ina wanke-wanke a wani gidan abinci. Ranar Litinin da nake hutu na hau jirgin ƙasa, tafiyar awa guda, na sauka a wani tsohon gari da ke gindin duwatsun Pirene. Faransawa na ce masa Saint-Jean-Pied-de-Port, Baskawa 'yan ƙasa kuwa Donibane Garazi suke kiransa.

Daga nan Kiristoci masu ziyara ke kama hanyar Santiyago ta ƙasar Sifen da ƙafa, kusan kilomita 800. Kowa da sandarsa, da jaka a baya an rataya mata farin ƙwanson teku. Ranar farko ma sai sun haye dutse zuwa Ronsebo, wajen kilomita 25. Har tsofaffi na gani cikinsu, wani kansa fari fat.

Na haura titin da aka shimfiɗe da duwatsu har ƙofar Saint-Jacques, na zauna a gindin ganuwa, na cire hulata na ajiye gefe don zufa. Wata mata ta zo wucewa, ta jefa yuro biyu a ciki, ko kallona ba ta yi ba.

Wallahi jikina ya mutu. Ni da nake tsaye awa tara a gaban ruwan zafi, ni da kowane wata sai na aika gida kuɗin hatsi da na makarantar ƙannena! Na so in bi ta in mayar mata, ƙafata ta ƙi ɗauka.

Kakana ne ya faɗo mini a rai. Da ƙafa ya bar Damagaram zuwa Makka, ya bi ta Chadi da Sudan, bai dawo ba sai bayan shekara bakwai. Inna kan ce duk inda guzuri ya ƙare masa sai ya tsaya ya yi ƙwadago, har auduga ya tsinta a yankin Jazira na Sudan, bai taɓa miƙa wa kowa hannu ba. Sandarsa na nan a ɗakinta bayan ƙofa, hannunsa ya goge kanta har tana sheƙi.

A bakin kogin Niv na kira Inna a waya. Ban faɗa mata komai ba. Ta tambaye ni ko ina cin abinci, ta ce rufin ɗakin Baba na yoyo, ga damina ta kusa. Na ce, Inna, ƙarshen wata in Allah ya yarda.