Zango na biyu: daga Cragg Vale zuwa Todmorden da sanda a hannu

Lahadi da daddare.

Ƙafafuna na cikin bokitin ruwan ɗumi da gishiri nake wannan rubutun, cinyoyina kamar an kirɓa su a turmi, isha'i ma a zaune na yi ta, amma na ce wallahi ba zan kwanta ba sai na rubuta tun abin na da zafinsa a raina, don gobe da sassafe ina asibiti kuma da na shiga hidimar marasa lafiya shikenan rabinsa ya zube.

Yau muka yi tseren miƙa sanda na Calderdale Way. Hanya ce ta ƙafa da ta zagaye Halifax da garuruwan kwarin kogin Calder nan yammacin Yorkshire a Ingila, mil 50 wato kamar kilomita 80, tun 1978 aka buɗe ta. Kulob ɗin Halifax Harriers ne ke shirya tseren a watan Mayu, da can a Disamba ake yi cikin tsakiyar hunturu. An yanka hanyar zango 6, kowane zango mutum biyu, kenan mutum 12 ke raba sanda ɗaya tun daga West Vale har a dawo da ita. Dokar da ta fi tsaya min a rai ita ce ku biyun nan tare za ku tashi tare za ku iso, ba a karɓar sanda a hannun mutum ɗaya ko da iska ce ta haife shi. Sannan kowace mahaɗa akwai lokacin da aka yanke, in ya cika ba ku iso ba sai a saki waɗanda ke jiranku su tafi hannu rabbana ba sanda. Abin da nake tsoro kenan tun sati uku da aka sa sunana.

Ƙarfe uku da wani abu na yi asuba, haka lokacin yake a nan in bazara ta shigo, daga nan barci ya ƙi. Na zazzage jakar ƙugu na sake shiryawa har sau biyu: rigar ruwa, wandon ruwa, hula, safar hannu, taswira, kamfas, usur, sai ɗan abin sawa a baki, ni dabino bakwai na ƙulle a leda. Duk wajibi ne, ko rana ake ƙwallawa sai ka ɗauka don a kan tsaunukan nan cikin minti goma hazo zai rufe ka ka kasa ganin tafin hannunka. Su mutanen arewacin Ingila fell suke ce wa irin waɗannan tsaunukan, kuma gudun kansu tsohuwar al'ada ce ta makiyaya da mutanen ƙauye, ba wani ƙyale-ƙyale, gajeren wando da singileti da takalmi mai haƙora a ƙasa shikenan.

Baba ne ya zo ya ɗauke ni. Bature ne, tsohon ma'aikacin gidan waya, ya ba sittin baya sosai, shekara da shekaru yana raba wasiƙu a ƙafa cikin ƙauyukan nan na kan tudu. Tun ranar da na fara zuwa atisaye na ce masa a wajenmu ba a kiran sa'an mahaifi da gatsal, Baba ake cewa, ya yi dariya ya karɓa, yanzu har wasu a kulob ɗinmu na gudu haka suke kiransa. Shi kuma yaro yake ce min. Da aka haɗa mu na ɗauka ni zan riƙa jiransa, ina da shekara 34, a kan kwalta kuma na sha wuce shi.

Cragg Vale wani matsattsen kwari ne, gidajen dutse baƙi-baƙi da coci da rafi na gudu a ƙasa, mutane cike a kan titi kowa na tsalle-tsalle don sanyi. Muna jira Baba yake ba ni labarin wai a nan kwarin ne aka yi masu yanke gefen kuɗin zinariya su narka su buga na jabu, shugabansu David Hartley aka rataye shi a York a 1770. Ni dai kunnena ne ke wajensa, idona na kan kwanar da 'yan zangon farko za su ɓullo, cikina sai ƙugi yake. Can sai ga su, mata biyu ne, ɗaya gwiwarta na jini ko ta kanta ba ta bi ba, ta danƙa min sandar tana haki ta ce ku tafi. Sandar da ɗuminta da gumin hannunta. Na ce bismillah.

Hawa ne tun daga takun farko, titin da ke zuwa dam ɗin Withens Clough, ni kuwa jini na tafasa na fara wuce mutane ɗaya bayan ɗaya ina jin daɗi. Baba ya ce yaro sassauta, da sauran tafiya. Na ce to Baba, na rage kaɗan amma ba yadda yake so ba, kuma wannan kuskuren nawa ne ba na kowa ba. Muka bar dam ɗin muka hau fili, ba bishiya ko ɗaya sai ciyawa mai tauri da katangun dutse da aka jera ba siminti, tumaki da 'ya'yansu suna kallonmu ko gezau, ƙasar kuma baƙa ce mai laushi tana shan ƙafa kamar fadama. Sai ga Stoodley Pike a gabanmu. Kullum daga tagar jirgin ƙasa nake hango hasumiyar nan kamar allura a kan tudu, yau sai ga ni a gindinta, ƙafa 121 tsayinta, a 1856 aka gama gina ta bayan ta farkon ta rushe, tudun kansa kuma mita 400 ne. Iskar wajen sai da ta ture ni gefe. Na tuna ranar da muka hau Dutsen Dala muna yara muna ganin mun taɓo sama, na ɗan waiga na ga kwarin gaba ɗaya shimfiɗe kore shar, wallahi sai da na yi tasbihi da ƙarfi.

Gangarowa ce ta nuna min waye Baba. Mutumin nan ya saki jiki kawai ya buɗe hannaye kamar shaho ya zuba ƙasa, ni kuma na ƙanƙame jiki ina dafa duwatsu ina jin gwiwoyina na rawa. Ya tsaya a ƙasa ya ɗago kai ya ce kar ka ja da baya, ƙananan taku, ka kalli inda za ka sa ƙafa ba inda ka riga ka sa ba. Na gwada, ya fara yi har na ji daɗin abin, sai ƙafar hagu ta lume cikin taɓo har ƙwauri na kifa da fuska, sandar ta fice daga hannuna ta gangara cikin ciyawa. Ban ma ji zafin faɗuwar ba, sandar kawai nake nema da rarrafe. Wata yarinya 'yar wani kulob daban da ke bayanmu ita ta tsaya ta tsinto ta miƙo min ta tambaye ni ko lafiya, sannan ta ci gaba da gudunta. Tsere fa ake, kuma mu abokan hamayyarta ne. Allah ya saka mata.

Mankinholes da Lumbutts mun wuce su lafiya, mutanen ƙauyen na tsaye bakin ƙofa da kofin shayi suna tafa mana. Da muka gangaro Todmorden na ga rufin gidaje da titi da motoci sai zuciyata ta ce an gama. Na san ba a gama ba, mun zo duba hanyar sati biyu da suka wuce, amma sani daban ƙafa daban. Sai an tsallake kwarin an sake hawa ɗaya gefen kafin a sauko filin Centre Vale, kuma a tsakiyar wannan hawan ne jijiyar cinyata ta dama ta ɗaure tamau kamar an ja igiya, na tsaya cak na kasa ɗaga ƙafar, hawaye suka zo min ba don ciwon ba sai don mutum 11 da zan ja wa.

Nan ne abin da ya hana ni barci ya faru. Baba ya dawo baya, ko agogonsa bai kalla ba, na lura da wannan sosai don ni nawa nake ta kallo. Ya durƙusa a cikin laka ya kama ƙafata ya miƙar ya danna tafin da ƙirjinsa har jijiyar ta saki, ya kwance jakata ya ciro dabinon ya ce ci biyu, ya ba ni ruwansa. Na ce Baba ka yi haƙuri na ɓata mana lokaci, ka gaya min in sassauta ban ji ba. Ya ce yaro tashi, ka dafa gwiwoyinka da hannu ka riƙa turawa, tafiya za mu yi ba gudu ba. Ya sa tafin hannunsa a tsakiyar bayana yana tura ni, dattijo mai jikoki huɗu, ina jin numfashinsa a bayan kunnena yana ƙirga min taku, ashirin mu huta, ashirin mu huta. Wajen tsallake katanga, irin matakalar dutsen nan da ake yi don tumaki kar su bi, sai da ya ɗaga min ƙafar da hannunsa. Ƙungiyoyi biyar ko shida suka wuce mu a wajen, kowa ya zo sai ya ce ku daure kun kusa. Na miƙa masa sandar na ce ya riƙe, ya ƙi, ya ce kai aka ba kai za ka kai.

Saukowar ƙarshe cikin kurmi ce, ga saiwoyi ga santsi, na dai saki jiki yadda ya koya min don ba ni da ƙarfin yin wani abu daban. Tun daga cikin bishiyoyi nake jin ana ƙwala kiran lambarmu. Muka fito fili kafaɗa da kafaɗa na danƙa sandar a hannun ɗan zango na uku, saura minti huɗu a sake su. Na zube kan ciyawa ina alhamdulillahi alhamdulillahi, Baba na tsaye a kaina yana kwance igiyar takalminsa.

Sauran yinin a mota muka yi shi muna bin 'yan uwa, Blackshaw Head, Wainstalls, Shelf, ana ta rabon shayi a fulas da kek ɗin da matar wani ta gasa. A Wainstalls lokaci ya cika kafin namu su iso aka saki 'yan zango na biyar ba sanda, da 'yan zango na huɗun suka ƙaraso ɗaya kansa a ƙasa, ba wanda ya ce masa komai sai rungumarsa da aka yi aka sa masa riga, ni kuwa na fi kowa sanin abin da ke ransa don haka na je na zauna kusa da shi na ba shi sauran dabinon. A nan na yi azahar a gefen katanga kan rigar ruwana, Baba ya ja karensa gefe ya tsaya har na sallame.

Da ya sauke ni ƙofar gida ya buɗe aljihun mota ya ciro tsohuwar taswirarsa, duk ta sha selotef a lanƙwasa, ya yi mata alamomi da fensir inda ake yawan ɓata da inda taɓo yake. Ya ce in riƙe in yi nazarin zango na huɗu, wanda ke bi ta Heptonstall, don baɗi shi za mu nema. Na ce in Allah ya kai mu Baba. Ga ta nan kan tebur na buɗe ta tana shan iska, ruwan bokitin ma ya huce, bari in tashi in goge ƙafa.