Kwana uku da taubashina a Maraɗi

Ɗan kawuna na Kano ya fi shekara yana cewa zai zo, sai cikin hunturun nan Allah ya nufa. Tun a tasha ya fara tsokana irin ta taubasai: "Bawana, me kuke da shi a garin nan ban da shaguna da alhazai?" Ban tanka masa ba, na karɓi jakarsa muka tari adaidaita. Ai ba shi kaɗai ba ne. Yawancin baƙinmu sari ke kawo su, su sauka da safe, kafin la'asar sun ɗaure kaya sun nufi Ɗan Isa ta bakin iyaka, su koma gida suna cewa sun ga Maraɗi.

Ranar Litinin ce, ita da Juma'a kuwa su ne ranakun da babbar kasuwa ke cika, don haka can muka fara. A nan Allah ya rama mini. Mun tsaya gun wata dattijuwa mai tallar ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, ya ɗauki ƙulli guda ya ce, "Inna, nawa?" Ta ce ɗari. Ya zaro ƙwandalar sefa 100 ya ajiye mata yana taƙama, wai abu a Nijar kamar kyauta. Ta dubi kuɗin, ta dube shi, ta ce, "Ɗana, wannan ai ashirin ce." Ya juyo gare ni ido waje. Sai da na gama dariya na fahimtar da shi cewa mu da dala muke ƙirga, kowace dala kuwa sefa biyar ce. Ɗarinta 500 ce, takardar 1000 kuma jika ake ce mata. Duk baƙon da zai shiga kasuwar nan ya riƙe wannan tun daga gida, in ba haka ba zai yi ta zaton ana cutarsa alhali shi ne bai iya lissafi ba.

Daga nan na ja shi wajen masu fata. Jar akuyar Maraɗi ba ƙaramin suna ta yi ba, fatarta laushi gare ta da ƙwari, tun zamanin Turawa ake fitar da ita ƙasashen waje. Ya sayi takalmi da ɗan alabe, ya yi ciniki kamar zai cire wa badukun rai.

Washegari da sassafe na kai shi inda na fi so, kuma inda baƙi ba su cika zuwa ba. Muka bi ta tsoffin unguwanni, su Bagalam da 'Yandaka da Limanci, muka gangara fadama a ƙafa. Garin da kake gani a kan tudu, mai tituna a miƙe kamar an ja su da igiya, ba nan yake ba tun farko. Asalin Maraɗi a cikin kwari take, bakin gulbi. Ambaliyar 1945 ce ta cinye ta, aka kwashe mutane aka hau da su sama. Kakata tana yarinya aka yi abin, har ta rasu in za ta ba da labari sai ta ce kafin ruwa ko bayan ruwa. Yanzu wurin lambuna ne da inuwar mangwaro, ga tumatir da albasa da zogale, ga ƙarar injinan ban ruwa ta ko'ina. Gulbin kansa rairayi ne zalla a wannan lokaci, amalanken shanu na ratsa shi. Taubashina ya tsaya a tsakiya ya ce, "Wannan ne ya ci gari?" Na ce ya dawo a watan Agusta ya maimaita maganar. Ruwan ma daga ƙasarsu yake fitowa, ya biyo ta Jibiya, ya wuce mu, ya wuce Tsibiri, ya sake komawa Najeriya ya faɗa gulbin Rima.

Da muka hau sai muka biya ta ƙofar fada. Ya ji ana cewa Sarkin Katsina, ya ce wace Katsinar kuma? Nan na samu abin faɗa. Bayan da masu jihadi suka karɓe Birnin Katsina a 1807, gidan sarautar ya yi ta yawo, har Ɗan Kasawa ya zo ya kafu a nan wajen 1819, da sarautarsa da sunanta. Shi ya sa har gobe Katsinar Maraɗi ake cewa. Ba mu shiga ba, mun dai gaisa da dogaran da ke zaune a bakin zaure. Mai son ganin fadar da ranta ya zo da salla, ranar da kakaki da tambura ke tashi, dawakai su cika fili. Gobirawa ma haka ta faru da su, tasu fadar na Tsibiri, ɗan arewa da mu kaɗan, kabu-kabu ma sai ya kai ka.

Filin kokowa a rufe muka same shi, muka leƙa kawai. Sunan Kantu yake ɗauke da shi, ɗan jihar nan da ya fara cin takobin ƙasa a Tawa a 1975. Ni a ganina zuwa filin nan ba lokacin gasa ba ɓata ƙafa ne.

Rana ta uku muka ɗauki hanyar Madarunfa, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba. Mun tsaya Jiratawa ya ga gonakin zogale, ya ce bai taɓa sanin ana noma shi kamar gero ba. Tafkin Madarunfa kuwa shi ya rufe masa baki. Ruwa shimfiɗe, masunta cikin kwale-kwale, tsuntsaye na sauka suna tashi, ga kaburburan waliyyai 99 da ake ziyarta a kewayensa. Wani tsoho ya raka mu gun ɗaya daga ciki, muka cire takalma muka yi addu'a, muka ba shi na goro. Bayan nan muka sayi soyayyen kifi da yaji a takarda muka zauna gindin itace. Ya daɗe bai ce komai ba, abin da ban taɓa gani ba tunda aka haife shi. Shawarata ga mai zuwa, ya je da safe ya juyo da rana tsaka, kuma ya tambayi 'yan gari halin da hanya ke ciki kafin ya tashi.

Da dare matata ta yi masa dambu da kwaɗon zogale, ya ci ya ƙara, sannan ya ce na Kano ya fi. Ta ce, "To baƙona, kwanon dai ya ba da shaida."

Da asuba na raka shi tasha da ƙullin kilishi da galan ɗin man gyaɗa na Gwaggo. Yaron mota ya faɗi kuɗin kaya, sai na ga bawan Allah ya runtse ido yana motsa baki, yana ninkawa da biyar. Ya biya daidai. Mota na tashi ya leƙo ta taga ya ce in tanadar masa ɗaki a watan Agusta, wai yana da magana da gulbi.