Shafin PHP ya fito tsirara, fayil ɗin CSS kuwa lafiyarsa ƙalau

Shafin intanet da ya rasa adonsa ba ya ɓoyuwa. Rubutu ya koma baƙi a kan fari, mahaɗai su yi shuɗi da layi a ƙarƙashinsu, maɓallan da aka jera a sama su zubo ƙasa ɗaya bayan ɗaya. Haka na tarar da shafin wata makaranta mai zaman kanta da aka kira ni in duba, wanda wani ya rubuta da PHP, yaren shirye-shiryen da ke haɗa shafi a kan sabar (kwamfutar da shafin ke zaune a ciki), sannan ya bar aikin. Shafin farko tsarinsa yana nan daram. Amma da zarar ka latsa wani labari, adireshin ya koma irin /labarai/12, sai komai ya watse. Mai makarantar ya ce mini, "Malam, ko adon ne ya goge?" Na ce, "Ranka ya daɗe, da gogewa ya yi, da shafin farko ma bai samu ba."

Saboda haka ban taɓa fayil ɗin CSS, wato fayil ɗin adon shafi, ba. Na buɗe shafin a Chrome, na danna F12, na shiga sashen Network, inda ake ganin duk abin da burauza ta roƙa da amsar da sabar ta ba ta, na sake loda shafin. Ga style.css nan a jeri, lambarsa 200, wato an samu. A nan mutane da yawa ke juyawa su koma neman kuskure a cikin ƙa'idojin launi, alhali lambar 200 ba ta ce komai ba game da abin da aka aiko. Da na latsa layin, abu biyu suka bayyana. Adireshin da burauza ta nema shi ne /labarai/css/style.css, wurin da babu shi sam. Abin da ya dawo kuma ba CSS ba ne, shafin HTML ne sukutum, nau'insa text/html.

Tushen abin yana cikin header.php, inda aka rubuta href="css/style.css". A kan sabar, wannan fayil yana zaune gefe da foldar css, don haka a idon mai rubutawa hanyar daidai take. Sai dai burauza ba ta taɓa ganin fayil ɗin PHP ba, ba ta kuma san tsarin foldojinka ba. Abin da ta sani shi ne adireshin da ke sama da HTML ɗin da aka miƙo mata, kuma daga wannan adireshi take lissafin duk hanyar da ba ta fara da / ba. Kamar ka yi wa baƙo kwatance ne ka ce "kwana ta biyu hannun dama" ba ka tambaye shi inda yake tsaye ba. Daga shafin farko kwatancen ya kai gida, daga /labarai/ kuma ya kai kango.

Na sa / a gaba, ya zama /css/style.css. Amma a lura: idan shafin yana zaune a cikin wata folda, kamar yadda ake yi lokacin gwaji a kwamfutarka da manhajar XAMPP a localhost/makaranta, wannan / zai tsallake foldar ya tafi can tushe. Shi ya sa na ajiye tushen adireshin a wuri guda cikin fayil ɗin saituna, kowane mahaɗi ya riƙa ɗauka daga can. Akwai masu gyara wannan da alamar base ta HTML. Ni ba na son ta, domin tana sauya lissafin duk mahaɗan shafin, har da waɗanda ke farawa da # don kai mutum wani sashe na shafin da yake kai.

To me ya sa aka samu 200 maimakon 404, lambar da ke nufin ba a samu ba? A cikin fayil ɗin saituna .htaccess akwai dokar mod_rewrite ta Apache, manhajar sabar, da ke cewa duk adireshin da ba fayil ne na gaske ba a tura shi ga index.php. Shi kuma index.php idan bai gane adireshi ba sai ya nuna shafin "ba a samu ba" da kyakkyawar lambar 200. Na ƙara http_response_code(404) a wurin, don gobe idan wani fayil ya ɓace ya fito da ja a jeri. Burauza kuwa tana da gaskiyarta da ta ƙi karɓa: shafin da ya fara da doctype, layin da ke bayyana cewa HTML ne, ba ya amfani da fayil ɗin ado sai nau'insa text/css ne. In ka cire doctype za ta iya sassautawa, amma wannan sayen wata matsala ce da kuɗinka.

Bayan wannan gyara, tsarin shafi ya dawo amma launukan makarantar ba su dawo ba, kuma a nan ne na fi daɗewa. Launukan ba a fayil ɗin CSS na yau da kullum suke ba. Wani fayil ne, launi.php, yake ɗauko su daga rumbun bayanai ya rubuta CSS nan take. PHP in ba ka gaya masa ba, duk abin da ya fitar text/html yake kiransa, don haka dole a sa header('Content-Type: text/css') kafin komai. Na duba, layin yana nan daram. Na gwada a kwamfutata, ya yi aiki. A sabar kuma curl -I, umarnin da ke nuna bayanan kan amsa (header), ya ci gaba da nuna text/html.

Fayil ɗin da sabar ke rubuta kurakurai a ciki ne ya tona asiri. Ya ce an riga an fara fitar da rubutu tun daga layi na 1, don haka ba zai iya sauya bayanan kan amsa ba. Layi na 1 kuwa babu komai a ciki sai <?php. Da na buɗe fayil ɗin da manhajar da ke nuna ainihin bayit-bayit, sai ga uku a gaba: EF BB BF. Alamar BOM ce, wadda ido ba ya gani. Wani ya taɓa buɗe fayil ɗin a tsohon Notepad ya ƙara bayani da Hausa, da ƙ da ɗ ɗinsa, ya adana a matsayin UTF-8 don kada haruffan su lalace, Notepad kuma ya liƙa masa wannan alama. Sai a 2019 Microsoft ta sa Notepad ya daina yin haka da kansa. PHP na ɗaukar waɗannan bayit uku a matsayin rubutu, ya aika su, daga nan ƙofar header ta rufe. A kwamfutata output_buffering a kunne yake, yana tara abin da za a aika kafin ya sake shi, shi ya sa ban ga komai ba. A sabar a kashe yake. Haruffanmu masu lanƙwasa ba su da laifi. Na sake adana fayil ɗin a Notepad++ a matsayin UTF-8 marar BOM, launuka suka dawo, ƙ da ɗ kuma suna nan yadda suke.

Sauran abubuwan da na saba dubawa ba su ci lokaci ba. Linux yana bambanta Style.css da style.css, Windows ba ruwansa. Shafin https ba zai karɓi CSS daga adireshin http ba. Hoton da aka kira da url() a cikin CSS daga wurin fayil ɗin CSS ake lissafin hanyarsa, ba daga shafin ba. Masu tsofaffin shafukan da aka rubuta da yaren Perl kuma kada su ajiye CSS a foldar cgi-bin, domin Apache zai yi ƙoƙarin gudanar da shi kamar manhaja ya dawo da kuskure.

Abu na ƙarshe shi ne ma'ajiyar burauza, inda take riƙe tsohon kwafin fayil. Ni Ctrl+F5 ya ishe ni, amma yawancin iyayen yara a waya suke buɗe shafin, kuma ba za ka bi su ɗaya ɗaya kana cewa su share ma'ajiya ba. Na sa PHP ya riƙa liƙa lokacin da aka yi wa fayil gyara na ƙarshe a wutsiyar adireshinsa ta hanyar filemtime, ya zama style.css?v= da lamba a gaba. Duk sanda fayil ya canza lambar ta canza, wayar kuma ta ɗauke shi sabon abu ta sake saukewa.