Kafin ku saka jatan lande a tankin murjani

Ƙannena masu sha'awar kiwon halittun teku a tankin gilashi, ku sani cewa abin da kifi zai jure, jatan lande ba ya jure shi. Wanda aka fi so shi ne Lysmata amboinensis, ja mai farin layi a gadon baya, ɗan tekun Indiya da Fasifik. Za ku gan shi ya hau jikin kifi yana tsince masa ƙwari da matacciyar fata, har cikin baki, kifin ya tsaya cak.

Na farkon da na saya, kwance leda kawai na yi na juye shi cikin tanki. Ya kwanta a gefe ƙafafunsa na ɗan motsi, kafin gari ya waye ya mutu. Gishirin ruwan mai shago da nawa ba ɗaya ba ne, shi kuwa jikinsa ba ya ɗaukar canji na farat ɗaya. Ku zuba shi da ruwan ledarsa a ƙaramin bokiti, ku jawo siririn tiyo daga tanki, ku ƙulle shi yadda ruwa zai riƙa ɗiga kaɗan-kaɗan har kusan awa guda, sannan ku ɗauke jatan landen shi kaɗai ku saka a tanki. Ma'aunin gishiri, wato nauyin ruwan tankin idan an kwatanta da na ruwa zalla, ya tsaya a 1.025 zuwa 1.026, ɗumin ruwa kuma digiri 24 zuwa 26 a ma'aunin Celsius. Idan ruwa ya ragu saboda zafi, ruwan ne ya tafi, gishirin yana nan, don haka da tataccen ruwa marar gishiri ake cikawa.

Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne maganin kifi mai ɗauke da sinadarin tagulla. Kifina ya fito da fararen ɗigo-ɗigo, na gigice na zuba maganin a babban tanki ban karanta jikin kwalba ba. Jatan lande da dodon koɗin da ke cikin tankin duk suka mutu. Tagulla guba ce ga halittun da ba su da ƙashin baya, har da murjani, halittun nan na teku masu kama da tsiro ko dutse, kuma tana maƙalewa a duwatsu da yashi ta daɗe. Kifi marar lafiya, a ware masa tankinsa daban.

Wata safiya za ku tarar da kamar gawar jatan landen a kan yashi. Ku duba da kyau: idan ɓawo ne fayau, tsage ta baya, ba komai a ciki, saɓa ya yi. Yana ɓoye har sabon ɓawon ya yi tauri, kada ku ɗaga duwatsu wajen nemansa.