Baƙin Ɗigon da Ba Ya Wankuwa a Jikin Dankali

A kasuwar Bokkos da ke jihar Filato na tarar da ɗan ƙanena yana cinikin irin dankalin Turawa, ya nace wa buhun da ya fi araha, alhali kusan kowane ƙwaya a cikinsa akwai baƙaƙen ɗige-ɗige masu tauri manne da bawonsa. Da na nuna masa, sai ya ce, "Baba, ai ƙasa ce kawai." Amsar da na ba wani malamin gona ke nan ina saurayi, kuma na ɗanɗana kuɗata.

Ƙasa tana fita da wanki, wannan kuwa ba ya fita sai an kankare da farce, domin dunƙulen wata cuta ce ta dangin funfuna da masana ke kira Rhizoctonia solani, wadda ke kwanciya a jikin iri da cikin ƙasa tana jiran danshi da sanyi, abubuwan da tudun Filato ba ya rasawa da damina. Da na shuka irin nan, tsiro da yawa ya mutu tun bai huda ƙasa ba, kunyoyi suka fito da giɓi, 'ya'yan da aka samu kuma ƙanana, wasu a karkace. Na ɗora wa taki laifi, na ɗora wa ruwan sama, ban taɓa zargin irin ba.

Ba zan ce duk ganganci ne ba. Iri mai tsabta yana da tsada, kuma mun tashi mun ga iyayenmu suna sayar da manya su ajiye ƙanana domin shuka, mai iyali kuwa da bashin taki a wuyansa ba ya zubar da abin da ke hannunsa. Sai dai ko bayan na gane gaskiya ban daina ba, wannan kam ba ni da uzuri a kansa. Na yi ta maimaita dankali a gona ɗaya saboda acca ba ta kawo kuɗin da yake kawowa. Na riƙa barinsa a ƙasa bayan ganye ya bushe ina jiran farashi ya tashi, ban san cewa a wannan zaman ne baƙin ɗigon ke ƙaruwa ba. Wanda na tona na jibge a ɗaki mai gumi, can kuma wata cutar, Helminthosporium solani, ta shafe bawonsa da tabo mai ƙyalli, ya yamushe, nauyinsa ya ragu. Cikinsa lafiya lau yake, ana ci, amma dillalan da ke loda wa Kano da Legas da ido suke saye, suka karya mini farashi yadda suka ga dama.

Na yi niyyar jero muku shawarwari da yawa, amma na san ku matasan yanzu ba ku da haƙurin saurare. Kun ɗauka kowace cuta maganinta feshi ne, saboda kun ga yana taimakawa a kan cutar da ke ƙona ganye, alhali feshin ganye ba ya kai wa ga abin da ke manne da iri a ƙarƙashin kunya. Za ku shafe dare kuna kallon waya, amma sunkuyawa ku duba iri ta gagare ku.

Kafin ku biya kuɗi, ku ɗebi kaɗan daga tsakiyar buhu ku wanke, idan ɗigon ya tsaya ku bar shi komai arahansa, ku nemi shawara a tashar binciken dankali ta Kuru, kusa da Jos. Ku hutar da gona shekara 3 ko 4 da masara ko acca, ban da tumatir da barkono, domin danginsu ɗaya da dankali kuma suna tarayya a cututtuka. Na san mai ɗan fili ɗaya ba zai iya wannan ba, ni ma ban iya ba, kuma hutun ma ba ya kashe cutar gaba ɗaya, rage ta yake yi. Kada ku jinkirta tono, amma kada ku yi gaggawa bawo bai ƙosa ba, ku ba shi kamar mako biyu bayan ganye ya mutu. Wanda ya riga ya sayi iri mai ɗigo, kada ya binne shi da zurfi, kuma abin da ya girba ya sayar ko ya cinye duka, kada ya ajiye ko ƙwaya ɗaya domin shukar baɗi.